Filin kiwon lafiya: Saman tsoka ko ƙarƙashinta?

Matar da cutar daji ta sa aka cire wa nono, ko wadda ta tafi Tunusiya neman gyaran ƙirji, tambayarta ta farko takan zama ta kuɗi. Alhali akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda za ta bi ta shekara da shekaru: a ina likitan fiɗa zai ajiye jakar silikon ɗin?

Likitoci biyu, Thomas Cronin da Frank Gerow, su suka yi aikin farko a 1962 a birnin Houston na Amurka. Daga baya masana suka rabu gida biyu a kan wurin ajiyar. Dalili kuwa, ƙarƙashin naman nono akwai wata faffaɗar tsoka kwance bisa haƙarƙari, wadda ke aiki duk sa'ad da hannu ya tura ko ya ɗaga kaya. To, ko a ɗora jakar samanta, ko a cusa ta ƙarƙashinta.

Idan aka sa ta sama, zafin bai kai ba, kuma ana warkewa da wuri. Sai dai ga siririyar mace gefen jakar yakan bayyana ta cikin fata. Har ila yau, tabon da jiki ke lulluɓe baƙon abu da shi ya fi saurin taurarewa a nan, har ya matse jakar, nonon ya yi tauri da ciwo.

Idan aka sa ta ƙasa, tsoka tana ɓoye ta, taurarewar tana raguwa, hoton binciken cutar daji ma ya fi fita sarai. Amma jinya ta fi wuya, kuma nonon yakan motsa ko ya karkace in tsokar ta ɗaure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai daka ko mai ɗaukar kaya.

A 2001 likita John Tebbetts na Dallas ya bayyana hanyar tsakiya: saman jakar ƙarƙashin tsoka, ƙasanta bayan naman nono. Ma'auninsa mai sauƙi ne: a tsunkuli naman saman ƙirji, in kaurinsa bai kai santimita 2 ba, tsoka ta rufe jakar.

Ga wadda aka cire wa nono, gashin haske yana ƙara haɗarin taurarewa, saboda haka sai an ji ta bakin likitan daji kafin a yanke shawara.

Ya kamata mai karatu ya sani, jakar ba ta zama har abada. Wata rana ana iya sake aiki. A 2010 Faransa ta janye jakunan kamfanin PIP bayan an gano silikon na masana'antu a cikinsu. Don haka kada mace ta bar asibiti sai da takardar da ke ɗauke da sunan jakar, lambarta, da wurin da aka sa ta.