A Daina Toshe Bakin Mota Ana Kiran Sa Gyara

Rubutun wannan makon a gareji za mu yi shi. Akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakanin wasu masu gyaran mota na kwamfuta, muna ganin lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta, wato ha'inci.

Mu fara da yadda abin yake aiki. Motocin zamani, irin su Corolla da Camry da Sharon da ke cike tashoshinmu, suna da ƙwaƙwalwa wadda makanikai ke kira birenbos. Ita ke auna iska da man da ke shiga injin, ita ke tsara lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan ta ga wani abu ya kauce, sai ta ajiye lamba a cikinta, ta kunna fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar injin a gaban direba. Tsarin ana kiran sa OBD-II. Ya zama dole a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai kuma ta wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001. Shi ya sa 'yar Kwatanon da ka saya take da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'ura a karanta ƙorafin mota.

Kowace lamba da maganarta. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana fashin wuta. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. P0420 kuwa na nufin matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, ta daina aikinta yadda ya kamata.

Goge lamba bayan an gyara abin da ya kawo ta, wannan aiki ne, babu mai ja. Abin da muke yaƙi da shi daban ne. Mai laftof zai kwafi manhajar birenbos, ya nemo wurin da lambar take, ya kashe ta, ya mayar da manhajar. Daga ranar, ko matsalar tana nan daram, motar ba za ta sake faɗa ba. Wanda bai da laftof ma bai zauna ba: ya kwance dashbod ya zare ƙwan fitilar, ko ya lulluɓe shi da baƙin salatif. Mai mota ya biya kuɗi, ya ga gabansa fes, har ya yi godiya ya tafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wasu za su ce ai ko'ina ana yi. To, amma ba ko'ina ne mota ke bin hanyar da tamu ke bi ba. Wanda motarsa ta mutu a titin Zoo Road a Kano, ya tura ta gefe ya hau Adaidaita. Wanda tasa ta mutu tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi bayan la'asar, ko a hanyar Zurmi zuwa Gurbin Ɓore, ya san abin da yake tsoro ya fi kuɗin janwe. Ba sai mun faɗa wa kowa halin da 'yan bindiga suka jefa hanyoyin nan ba. Mun ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, direba ba shi da ko damar kiran bakanike. Ranar Alhamis ta kasuwar Shinkafi, ka dubi yadda ake danƙara wa mota mutane da buhuna. Wannan 'yar fitilar ita ce za ta gaya wa direba tun yana tasha cewa yau kada ya fita. Wanda ya kashe ta ya yi caca da ran fasinjojin da bai taɓa gani ba.

Mun san hujjar masu wannan aiki, kuma ba za mu yi kamar ba ta da nauyi ba. Suna cewa indomi sabo tsada gare shi, saboda akwai ƙarafa masu daraja a cikinsa irin su filatinam da faladiyam, dalilin da ya sa ɓarayi ke yanke shi ke nan. Suna cewa man da muke sha ba kullum yake da kyau ba, kuma gaskiyarsu ne: a Fabrairun 2022 hukuma da bakinta ta amsa cewa an shigo da fetur mai yawan metanol. Suna ƙarawa da cewa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, direban haya da ƙyar yake haɗa kuɗin balas. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, idan fitila ta zauna a kunne dare da rana saboda indomin da ba za a saya ba, direba zai saba da ita, ranar da sabuwar matsala ta zo ba zai lura ba.

Mun ji. Amma wannan hujja iyakarta lamba ɗaya tak, da sanin mai mota, a kuma rubuta masa a takarda. Ba ta halatta zare ƙwan fitila ba, ba ta halatta a kashe tarin lambobi a lokaci guda don kada kwastoma ya dawo da ƙorafi ba. Kuma akwai tambayar da ake tsallakewa: me ya kashe indomin tun farko? Sau da yawa fashin wuta ne, ɗanyen mai ya wuce salansa ya ƙone a can har ya narkar da shi, ko kuma injin da ke shan baƙin mai. Shi ya sa aka tsara fitilar ta riƙa ƙyaftawa idan fashin wutar ya tsananta. Ka kashe P0420 ka bar mataccen koyil, injin zai ci gaba da zuƙar mai, ƙarfinsa na raguwa. Kuɗin da aka guje wa a shagon kayan gyara, a gidan mai za a biya su kaɗan-kaɗan. Araha ba ta ado.

Ɓarnar ta fi muni a wajen ciniki. Ana kashe fitila ana gobe za a kai mota kasuwa, mai saye ya gwada ya ga lafiya lau, ya ƙirga kuɗi. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da shi idan aibin ya bayyana. Laftof bai canza wannan hukuncin ba. Ko a ƙasashen da suka ƙera motocin ba a ɗaukar sa wa kwamfuta ƙarya da wasa. A Satumban 2015 aka kama kamfanin Volkswagen da manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi, ya amsa cewa ta shafi motoci kusan miliyan 11, ya biya tarar biliyoyin daloli.

Ga abin da kowa zai iya yi ba tare da ya zama bakanike ba. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, kada ka tayar da injin. Dole fitilar injin ta fito tare da sauran, sannan ta mutu bayan mota ta tashi. Idan ba ta fito ba sam, an taɓa ta. Kafin ka sayi mota, ka je da mai na'urarka, ba na dillali ba. Ka ce ya duba gwaje-gwajen da birenbos ke yi wa kanta. Idan sun nuna ba su kammala ba, alama ce ba a daɗe da goge lambobi ko cire batir ba. Ku leƙa ƙarƙashin mota ku tabbatar indomi da sensa biyun nan, ta gaba da ta baya, suna nan. Idan ka kai gyara, ka nemi a rubuta maka lambar da aka gani da abin da aka canza. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

Kiranmu ga shugabannin NURTW na tashoshin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi shi ne, su sa kamasho ya duba wannan fitila kafin mota ta yi lodi, aikin daƙiƙa biyar ne. Ƙungiyar makanikai ta NATA ta ja kunnen 'ya'yanta. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda kuma, ga fili nan, garuruwan nan na buƙatar masu karanta lamba su bi ta har tushe.

Masu laftof, ba mu raina iliminku ba. Wanda ya iya shiga birenbos ya kashe lamba, ya iya gano abin da ya haifar da ita. Ku zaɓi wanda za ku iya kare shi gobe ƙiyama.

Direbobi da makanikan da ke cikin wannan zaure, muna jiran gyara ko ƙarin bayani a ƙasa. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.