Kafin ka sayi kifin ado ka kai ɗaki

Jama'a, bari in faɗi wata magana ko da wasu za su ji haushi. Wannan yayi na ajiye kifin ado a ɗaki da ya shigo mana nan Ibadan, yawancinmu ba kiwo muke yi ba, kashe su muke a hankali. Ni ma ban fita ba. A zangon farko na digirina na biyu na sayi zebra danio guda biyu, na zuba su a kwalbar da ba ta wuce lita uku ba, na ɗora a teburin karatu. Ko kwana goma ba su kai ba.

Wata 'yar ajinmu da ke bincike da irinsu a ɗakin gwaji ce ta ga hoton, ta ce min, "Haba Malam, ai wannan kurkuku ne." Ita ta fara buɗe min ido.

Wannan ɗan kifi mai zane-zane, da tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, asalinsa ƙoramu da gonakin shinkafa na Indiya, Bangaladash da Nepal ne, kuma a garke yake rayuwa. Ka ajiye biyu, babban zai yi ta korar ƙaramin har ya daina cin abinci. Shida ne mafi ƙaranci, a tankin da ya kai lita 40, mai tsawo, da murfi, don suna tsalle. Mu da muka baro gida muka zo Kudu ai ba sai an yi mana bayanin kaɗaici ba.

Amma abin da ya kashe nawa ruwa ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce ko da ruwan na sheƙi garau. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama cikin soson na'urar tace ruwa, su ke mayar da ita nitrait, sannan nitrat mai sauƙin illa. Kafin su yi yawa a sabon tanki sai an yi sati huɗu zuwa shida. Mu kuwa ranar da muka sayi tanki ranar muke zuba kifi. In ya yi dauɗa mu juye ruwan kaf, mu wanke komai da sabulu, muna ganin tsafta ce, alhali mun kashe masu gadin. Kashi ɗaya cikin huɗu kawai za ka canja duk sati, sosan kuma ka ɗauraye shi a tsohon ruwan. In na famfo ne, sai an cire masa kulorin.

Sai maganar wuta. An ɗauke ta tsawon yini, na'ura ta tsaya, iska ta ragu a ruwa, musamman a zafin Maris. Ɗan famfon iska mai USB da fawa banki ya fi wannan fitila mai launi da kowa ke rububi amfani nesa ba kusa ba.

Tambayar da ba mai yi wa kansa ita ce: wa zai riƙe su in ka tafi? Kifin nan yana iya kaiwa shekara uku, digirinka kuwa ba lallai ya kai haka ba. Ga hutun Sallah, ga yajin aiki. Na 2022 wata takwas aka yi. Dukkanmu mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa. In ba ka da amsa, wallahi ka sayi fulawa a tukunya, ba abin kunya ba ne.

Yanzu guda takwas gare ni. Da zan tafi gida Sallar bara, na ƙulla abincin kowane kwana biyu a takarda daban-daban na ba maƙwabcina, sauran gwangwanin kuma na kulle a akwati. Lafiyayyen kifi yana jure yunwar sati guda, amma maƙwabci mai tausayi da gwangwani a hannu kwana uku sun ishe shi ya ɓata ruwan. Na dawo na ƙirga su, takwas cif.