Mai Tattaki, Fara Duba Ƙafarka

A 2015 Suleiman Hashimu ya tako daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18, daga nan tattaki ya zama yayi a wajen matasa. Mu ma nan makaranta ga 'yan Man O' War, ga masu HND da sansanin bautar ƙasa ke jira da atisayensa. Sai dai kowa numfashi yake horarwa, ƙafa kuwa ko oho.

A ganina nan ake tafka kuskure. Sau da yawa bororo ne ke zaunar da mutum a bakin titi, ba gajiya ba. Gumi ya jiƙa fata, takalmi ya yi ta gugarta, sai ta tara ruwa. Da ka fara ɗingishi, gwiwa da ƙugu za su kwashi nauyin.

Don Allah kar ka sa sabon kambas ranar tafiya. Ka yi makonni kana yawo da shi, kuma ya kasance yatsu na da sarari, don ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya. Ka yanke farce, ka riƙe safa ta canji. Mai faso ya lazimci man kaɗanya, musamman da hunturu. Inda ka ji raɗaɗi, tsaya ka manna filasta tun bai tara ruwa ba.

Wasu za su ce wannan ragwantaka ce. To, jarumi, in gyambo ya hana ka zuwa lakca ana gab da jarabawa, wa gari ya waya?