Araha ba ta ado: maganar tawadar buga hoton baƙi da fari



Gyaran waya ce sana'ata a nan Abare, amma ina da 'yar firinta Epson L3110 a shago saboda masu fasfo. Bara wani dattijo ya kawo min tsohon hoton mahaifinsa, baƙi da fari, shi kaɗai ya rage musu. Na ɗauka da waya, na gyara, na buga masa babba. Bayan wata huɗu ya dawo da shi, fuskar marigayin ta koma kore-kore. Wallahi ranar na ji kunya. Laifina ne, tawadar araha ta cikin gora marar suna na zuba.

Ga abin da ya faru. Firinta mai kala huɗu ba da baƙar tawada kaɗai take buga irin wannan hoto ba, tana gauraya shuɗi da ja da rawaya don fitar da ruwan toka. In jan ya riga sauran koɗewa, sai kore ya bayyana.

Tawada iri biyu ce. Wadda aka rubuta wa Dye rini ne narkakke, tana sheƙi a takarda mai ƙyalli, amma rana ta fi saurin cinye ta. Ita kuwa Pigment ta fi jure rana da ruwa, sai dai in ka zuba ta a firintar da ba a yi dominta ba, tana iya toshe maka kai.

Ra'ayina, ka bi lambar firintarka kawai. L3110 da L3250 lamba 103 suke sha, L805 kuma 673. Canon G2411 da G3411 na shan GI-490, kuma baƙinsu na rubutu ne, a takarda mai ƙyalli da kalolin nan uku suke haɗa baƙi. Ka ga kuwa dole su zama masu kyau.

Na san za a ce ta asali akwai tsada, ga shi sai an aika Gusau ko Beirut Road a Kano. Gaskiya ne. To amma kuɗin sabon kan firinta fa? Mutuncinka a gari fa? In ya zama dole sai ta araha, ka tsaya kan kamfani ɗaya, kar ka cakuɗa.

Kafin ka yi wa mutane aiki da sabuwar tawada, buga hoto biyu. Sa ɗaya a taga inda rana ke bugu, ɗaya cikin littafi. Bayan sati biyu ka jera su, idonka zai ba ka amsa. Lokacin hunturu kuma ka riƙa rufe firinta saboda ƙura, kana buga ko shafi ɗaya duk sati.

Dattijon nan na sake buga masa kyauta da ta asali, na sa masa a gilashi, na ce ya rataye inda rana ba ta kaiwa.

Allah ya ba mu sa'a.