Wa Ke Duba Abin da Muke Ci a Lokacin Tara?



Kuɗin taran da iyayenmu ke ba mu kullum a hannun masu tebur da masu shagon bakin makaranta yake ƙarewa. Biskit, alawa, cincin, zoɓo, lemon ƙulli, ƙanƙara mai kala. Muna saya, muna ci a tsaye, a guje mu koma aji. Mu 'yan kulob ɗin jarida muna ganin lokaci ya yi da makaranta za ta sa ido a kan wannan ciniki, domin dokar Gwamnatin Tarayya ba ta iya biyo kowane ƙulli har bakin ƙofarmu.

Dokar dai tana nan. Tun shekarar 1993 aka kafa hukumar NAFDAC don kula da ingancin abinci da magunguna a Nijeriya. A ƙa'idarta, duk abincin da aka sarrafa aka rufe a leda ko gwangwani ko kwalba dole ya ɗauki sunan kamfanin da ya yi shi da adireshinsa, da abubuwan da aka haɗa a ciki, da ranar da zai lalace, da lambar rajistar hukumar. Akwai kuma dokar 1999 kan jabun magunguna da gurɓataccen abinci, wadda ta tanadi tara ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Abin lura, wannan doka ba ta tsaya kan wanda ya yi kayan ba. Ta haɗa da wanda ya sayar, har da wanda ya baje su don sayarwa.

To, a nan ne mai ƙaramin shago yake cikin tsaka mai wuya. Shi ba ya yin biskit. Kasuwa yake zuwa ya saro katan biyu ko uku, kuma macuta sun san haka. Wasu na goge ranar lalacewa su buga sabuwa. Wasu na ɗura kayan banza a cikin ledar da ta yi kama da ta sanannen kamfani, su canza harafi ɗaya a sunan. Lambar NAFDAC ma ana ƙirƙirarta, tunda tawada ce kawai a kan leda. Mai shago ya ga katan ya fi na kullum araha, ya yi murna ya samu garaɓasa, bai san araha ba ta ado ba. Ranar da jami'ai suka zo, kayansa za a kwashe, shagonsa za a rufe, wanda ya cuce shi kuwa ya daɗe da yin gaba. Kafin ranar kuma, mu ne muka cinye rabin katan ɗin.

Wanda yake ganin mun cika tsoro, ya tambayi manyansa abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021. Mutane suka riƙa zuwa asibiti da amai da jiri da fitsarin jini, ɗaruruwa suka kwanta, wasu suka rasu. Binciken NAFDAC ya nuna cewa an sayar wa masu haɗa lemo wani sinadari mai guba a matsayin ɗan tsami, wannan farin garin da ake zubawa a lemo da zoɓo don ya yi tsami. Masu haɗa lemon ba su yi niyyar kashe kowa ba. Sun je kasuwa, an auna musu farin gari a leda, ba suna, ba lamba, ba kwanan wata. Ido ba ya bambanta farin gari da farin gari.

Wannan shi ne babban ramin da muke nufi. Kariyar da doka ta ba mu a jikin rubutun leda take, amma yawancin abin da muke saya a lokacin tara an riga an raba shi da ledarsa ta asali. An fasa buhu, an ƙulla na hamsin-hamsin. Haka manjan da ake soya da shi, wanda hukumar ta sha gargaɗi cewa ana zuba masa rini don ya yi ja, haka ayaba da mangwaron da ake nukawa da kabayid.

Mun san wasu za su ce a kori masu tallar kawai a huta. Ba mu goyi bayan haka ba. Da yawansu iyaye mata ne masu neman na cefane, wasu ma 'ya'yansu na zaune a aji tare da mu. In an kore su, bayan katanga za su koma, mu kuma mu bi su can inda babu idon kowa.

Abin da muke roƙon hukumar makaranta bai fi ƙarfinta ba. A rubuta sunan duk mai sayar da abinci a harabar nan. A nemi kowa ya riƙa ajiye rasit da kwalin asali na abin da ya saro, musamman garin lemo, ɗan tsami da kala. Wannan kariya ce gare shi shi kansa, domin in wani abu ya faru zai iya nuna inda ya sayo. Malamin kula da lafiya tare da firifet biyu su zagaya sau ɗaya a mako su duba kwanan wata. Malaman kimiyya kuma su ba mu minti 10 a taron safe, su nuna mana bambancin MFD, ranar da aka yi kaya, da EXP ko BB, ranar da ya kamata a daina ci, don da yawanmu na farkon muke karantawa mu ɗauka shi ne na ƙarshe.

Mu ma ɗalibai, in kwanan wata ya yi dishi-dishi kamar an kankare, ko gwangwani ya kumbura, mu mayar wa mai shi cikin ladabi, mu kuma gaya wa malamin aji. Akwatin kulob yana nan ƙarƙashin wannan allo ga mai son rubuto mana abin da ya gani, ba sai ya sa sunansa ba.