KAFIN KA SAYAR DA BIJIMAI KA SAYI TARAKTA

Ƴan uwa fatake da dillalai, akwai wata magana da ke yawo a ƙarƙashin rumfunanmu, daga kasuwar Maraɗi har Birnin Ƙonni. Duk wanda Allah ya buɗa masa, ya mallaki ƴar gona eka 3 ko 5 da turken shanu a bayan gari, sai ka ji yana tambayar kuɗin tarakta. To, mu ba mu ce kada a saya ba. Abin da muke cewa shi ne, kuɗin da za a zuba jari ne, kuma ɗan kasuwar da ya taɓa jarinsa ba da lissafi ba, shi ya jiyo.

Tambayar farko ita ce: wane aiki za ta yi? Mu masu kiwon turke, huɗa ba ita ce babbar wahalarmu ba, don kwanakinta kaɗan ne a farkon damina. Wahalarmu ta kullum ita ce jido: harawa da kara bayan kaka, ruwa da rani, taki daga turke zuwa gona, dusa daga kasuwa. Wannan aiki ba ya son ƙatuwar mota. Mai ƙarfin doki 30 zuwa 50 da tirela ta ishe shi. Wanda ya sayo mai doki 80 don a gan shi, gazuwal kawai zai riƙa ƙonawa.

Na biyu, a dubi ƙasa. Laka irin ta fadamar Gulbin Maraɗi tana son ƙarfi. Amma gonar jigawa, in aka sa mata faifan huɗa mai zurfi, iska ce za ta kwashe albarkarta. Ban da haka, tun wajen 1984 manoman wannan yanki suka koma barin toho yana girma a gonaki. Direba mai gaggawa, a wuni ɗaya sai ya tuge ƙananan gawo da aka yi shekaru ana reno, alhali ƴaƴan gawo abincin dabbobinmu ne da rani.

Na uku, kayan gyara, kuma a ganinmu nan ne maganar take. Me ya sa har gobe ake son Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975? Don injinta Perkins ne mai silinda 3, ƙarfin doki wajen 45, makanikai sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Akwai Mahindra ta Indiya, akwai Kubota ta Japan, su ma ba laifi. Sai dai kafin ka biya, je ka tambayi makanikin garinku ko ya taɓa kwance irinta, ka kuma tambayi mai shago ko yana da matatar mai da famfonta. Mun ga yadda kuɗin kayan waje ya tashi da aka karya darajar sefa a Janairun 1994. Mun ga rufe iyakar Najeriya a 2019, da kuma na 2023. Motar da sai an aika nesa kafin a samu ƙarfenta, wata rana kaji ne za su yi ƙwai a ƙarƙashinta.

In tsohuwa za ka saya, yi mata duban da kake yi wa sa. Ka je da sassafe, a tayar da ita injin na sanyi. Shuɗin hayaƙi alamar tana shan baƙin mai ce. A ɗaga garma sama a kashe inji, in ta sauko nan da nan, sashen ɗagawa ya gaji. A gwada sandar nan ta baya mai juyawa 540 a minti, don ita ce za ta ja injin niƙa kara. Dubi tayoyin baya, kuɗinsu ba wasa ba ne. Araha dai ba ta ado. Kuma don Allah, kada a ɗora yara a kan murfin taya.

Yanzu ga ra'ayinmu. Sa yana cin kara ya ba ka taki, ya ja amalanke, in ya yi ƙiba ka kai shi kasuwa da riba. Tarakta kuwa tun ranar da ka saye ta darajarta ke raguwa, in ba ta aiki ma tana cin kuɗi. Saboda haka mai eka 2 ko 3, ya riƙe shanun huɗarsa, ya yi haya ranar da buƙata ta taso. Masu turke da yawa a gari ɗaya, su haɗu mutum 4 ko 5 su sayi guda, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: wa ke riƙe makulli, wa ke fara huɗa in ruwa ya sauka, nawa za a ware na gyara daga kuɗin haya. In ba a rubuta ba, motar da aka saya don sauƙi ita za ta raba zumunci.

Muna kira ga shugabannin rassanmu da su sa wannan magana cikin taro na gaba. Allah ya sa mu dace, ya ba mu kasuwa mai albarka.