Murhun girki: Wa ya kamata ya zaɓa, mai saye, mai cefane ko mai shaƙar hayaƙi?

A yawancin gidajen biranen Arewa mutum uku ne ke da hannu a murhun girki, kuma da wuya su zauna su yi shawara a kansa. Iyayen amarya ne ke sayensa a cikin kayan ɗaki. Miji ne ke biyan kuɗin gas ko gawayi ko katin lantarki, tunda cefane a wuyansa yake. Matar gida kuwa, ko yarinyar da ke taya ta aiki, ita ce ke tsayawa a kansa sau uku a rana, sau da yawa da goyo a bayanta. Mai saye yana duba kyau da abin da 'yan ganin ɗaki za su faɗa. Mai cefane yana duba aljihu. Wadda abin ya fi shafa ba a cika tambayarta ba.

Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. A shiga kicin ɗin amaryar da ta shekara, za a tarar da babban murhun gas mai kai huɗu da wurin gashi a ƙasa, an rufe murfinsa na gilashi an jera kuloli a kai, can a bakin ƙofa kuma ga kurfoti ana fifita gawayi. Kuɗin da aka kashe a kan wancan ƙaton murhu da ya isa a sayi mai kai biyu mai ƙarfi, da tukunyar gas mai kilo 12.5, da murhun gawayi na zamani, har a samu canjin cika tukunyar sau ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce ana ɗaukar murhu a matsayin kayan ado, alhali shi ne kaɗai a cikin kayan jere da zai ci gaba da cin kuɗi kullum har ranar da ya lalace.

Risho ba ya bukatar dogon bayani, don zamaninsa ya wuce. Tun da aka cire tallafin kananzir a farkon 2016 farashinsa ke hawa, yau lita ɗaya ta haura naira dubu nesa ba kusa ba. Ga baƙin da yake shafa wa tukunya, ga haɗarin gurɓataccen kananzir mai fashewa, ga yara da ke kurɓarsa a gorar ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2014 take ba da shawarar a guje masa wajen girki.

Inda ake yawan ruɗuwa yanzu shi ne murhun lantarki, musamman sabon samfurin nan mai fuskar gilashi da ake kira indokshin, wanda masu tallan kayan kicin suka cika Instagram da TikTok da shi. Gaskiya ne na'ura ce mai kyau. Ba ta da harshen wuta, ba hayaƙi, tana tafasa ruwa da sauri, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na ƙarfin da ta ja yana shiga tukunya. Amma akwai abubuwan da mai talla ba ya faɗa.

Indokshin da maganaɗisu yake aiki, wato gindin tukunyar ne da kansa ke yin zafi. Saboda haka tukwanen alminiyum da suka cika kicin ɗin Bahaushiya, na kamfani ne ko waɗanda maƙera ke zubawa, ba ya ɗaukarsu, balle tukunyar ƙasa. Sai tukunyar da maganaɗisu ke manne wa gindinta, kuma mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ke nan wanda ya sayi murhun sai ya sake sayen tukwane. Sannan kai ɗaya kan ja wuta har wat 2,000, abin da ƙaramin janareton gida ba zai iya ɗauka ba, sola ma sai mai babbar inbata da batura masu tsada. Idan kuma wutar ta zo da rauni, kamar yadda ta saba zuwa a unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje masu yawa, sai ya yi ta ƙara yana kashe kansa.

Ga kuma lissafin kuɗi, wanda kowa zai iya yi da biro. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki, sai dai wajen rabinsa yana bin gefen tukunya ya tafi a iska. Don a yi aikin da kilo ɗayan zai yi, indokshin na bukatar yunit bakwai zuwa takwas, tsohon risho na lantarki mai faranti kuma wajen goma. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga farashin yunit ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya ya tsaya a wajen 209. Yunit takwas a wannan farashi sun haura naira 1,600, kuma a wancan lokaci kilon gas bai cika kaiwa haka ba. Su kuwa sauran rukunan da farashinsu bai kai rabin wannan ba, lantarki ya fi musu gas araha ƙwarai, amma wutar ce ba su da ita a lokacin ɗora tukunya. Wanda ke rukunin awa takwas ko huɗu, wutarsa na iya zuwa da ƙarfe ɗayan dare. Kuma ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Gidan da ya dogara da lantarki kaɗai a wancan mako, sai dai ya koma maƙwabta aron kurfoti.

Don haka murhun lantarki a nan yankin mataimaki ne, na dafa ruwan shayi da ɗumame idan an ga wuta. A gidan haya mai mita ɗaya ma fitina yake haddasawa tsakanin maƙwabta. Mai faranti kuma yana da wani haɗari na daban: a ɗauke wuta a manta ba a kashe shi ba, a fita unguwa, a dawo da wuta ba kowa a gida.

Gas ne ya fi dacewa ya zama babban murhu a gidan da ke da halin cika tukunya a kai a kai, kuma dalilin bai tsaya ga sauri ba. Yana karɓar kowace irin tukunya, ana iya rage wutarsa ko ƙara ta nan take, ba ya jiran kamfanin rarraba wuta. Amma a cikin murhunan gas ɗin ma akwai zaɓi, kuma a nan ne ido ke yaudarar mai saye. Abincin Bahaushe na tuƙi ne. Mai tuƙa tuwon masara ko na shinkafa da muciya tana danna tukunya da ƙarfinta, don haka abin da za a duba shi ne kaurin ƙarfen da tukunya ke zama a kai da faɗinsa, da ko murhun na girgiza idan an danna. Na kan tebur mai fuskar gilashi yana da kyan gani da sauƙin gogewa, amma faffaɗar tukunya kan mayar da zafi kan gilashin, nauyi da dannawa su ƙarasa shi. Mai jikin ƙarfe zalla ya fi jure wa wahala. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo uku ko shida da ake ɗaura wa kai a bisa kuwa ta ɗalibi ce da gwauro. Tsayi gare ta ba faɗi, ɗora mata babbar tukunya a gidan da yara ke rarrafe ganganci ne.

Tsoron gas da tsofaffi ke yi yana da tushe. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar shagon gas a Sabon Tasha a watan Janairun 2020 ba, inda aka rasa rayuka. Sai dai yawancin haɗarin cikin gida daga abubuwa uku masu araha yake fitowa, waɗanda ba wanda ke kallonsu ranar jere: tiyo, da makunnin da ke kan tukunya, da ita kanta tukunyar. Hukumar SON ta ƙayyade wa tukunyar gas shekara 15, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta, amma kasuwa cike take da tsofaffin da aka yi wa sabon fenti. Tiyo kan tsattsage da daɗewa, ɓera ma kan ci shi. Ruwan sabulu ya isa gwaji: a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa to akwai yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa kicin marar taga ko wanda aka ajiye tukunyar a cikin rufaffen kabad ya fi haɗari. In an ji warinsa, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki ko ashana.

Akwai masu cewa duk wannan zancen masu hali ne, talaka ledar gawayi ta naira ɗari biyu ko uku yake iya saye, ba shi da dubbai a dunƙule na cika tukunya. Maganarsu gaskiya ce, kuma tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 gidaje da dama da suka koma gas sun sake dawowa gawayi da itace. Gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na gas a 2021, ta kuma amince da manufar girki mai tsafta a 2024, amma mai girki a Kurna ko Rigasa farashin kilo take gani, takardar manufa ba ta iso kicin ɗinta ba. Haka nan gidan da ake tuƙa tuwon mutum 20, ko mai abincin sayarwa, ba ƙaramin kan gas ne zai ɗauke su ba.

Amma arahar gawayi da itace akwai kuɗin da ba a lissafawa a cikinta, don ba mai cefane ne ke biya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan uku a duniya duk shekara, ta hanyar ciwon huhu, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sauransu, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Yana da hannu a yanar ido ma. Tari da jan ido da ake ɗauka ɗabi'ar girki ce, ciwo ne ke taruwa a hankali. Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙin da ido ke gani, amma yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce ke kwantar da mutane idan aka shigar da garwashi ɗaki aka rufe ƙofa da hunturu. Ga kuma daji: kafin a samu kilo ɗaya na gawayi a irin ƙunar da ake yi ta binnewa da ƙasa, sai an ƙona itace ninki biyar zuwa goma.

Wanda gawayi ko itace ya zame wa dole, shi ma yana da zaɓi, kuma a nan ne ƙaramin kuɗi ke yin babban aiki. Murhun duwatsu uku bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace yake kai wa tukunya ba, sauran iska ke kwashewa. Kurfotin ƙarfe zalla shi ma jikinsa ke zubar da zafi ta ko'ina. Wanda aka yi wa rufin yumɓu a ciki, da ƙofar rage iska a ƙasa, yana riƙe zafi, gawayin da ke ƙarewa a kwana biyu ya kai uku ko fiye. Akwai kuma irin su Save80 da ake haɗawa a Kano, mai amfani da ƙananan ƙirare. Kowanne aka samu, a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa ya kamata a hura shi, kuma a sauke goyo kafin a durƙusa fifita.

Gidan mai matsakaicin ƙarfi a birni, abin da ya fi masa shi ne murhu biyu da rabon aiki. Gas mai kai biyu na miya, shayi, taliya da girkin safe lokacin da yara ke saurin makaranta. Ingantaccen murhun gawayi a waje na wake, ganda, ƙafar saniya da ruwan wanka, da kuma ranar da gas ya yanke ana tsakiyar girki. In akwai ragowar kuɗi, tukunyar firesha ta fi kai na uku da na huɗu amfani, don tana rage lokacin dahuwar wake da nama fiye da rabi, kuma gas ɗin da ta tanada a 'yan watanni zai mayar da kuɗinta. Babban murhu mai wurin gashi na da amfani ga wadda ke gasa kek ko burodi na sayarwa. Wadda ba ta yi, tukwane za ta adana a ciki.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai an san gidan da amarya za ta zauna. Wane rukunin lantarki unguwar take, mita nata ne ko na haɗaka, kicin ɗin na da taga, akwai tsakar gida ko bene ne, ina ne wurin cika gas mafi kusa, kuma nawa angon zai iya warewa duk wata ba tare da an kai ruwa rana ba. Waɗannan tambayoyi ba su da nauyin da za a ji kunyar yi wa surukai ta bakin ɗan aike ko ita yarinyar. Uwar amarya na iya kai 'yarta da mai kai biyu da tukunyar gas sabuwa, ta riƙe sauran kuɗin, bayan wata ɗaya ko biyu ta tambaye ta abin da kicin ɗin ya rasa. A lokacin yarinyar ta riga ta san sau nawa ake kawo wuta a layinsu, da kwana nawa kilo 12.5 ke yi mata.